MASU GASA NAMA DA ZAMANIN GASA A BIRNIN ABUJA

Da zarar an idar da sallar magariba a Abuja, ma'aikata kuma sun watse daga ofisoshin Gwamnati, sai wata kasuwa dabam ta fara ci a gefen tituna. Daga Garki zuwa Wuse, daga Gwarimpa zuwa Kubwa da Nyanya, da wuya mutum ya yi tafiya mai nisa bai hangi fitila rataye bisa teburin mai nama ba, hayaƙi yana tashi, jama'a sun yi cirko-cirko suna jira a yanka musu. A nan ne akan ga babban ma'aikaci tsaye kafaɗa da kafaɗa da direbansa, Bahaushe da Bayarabe da mutumin Ibo da na Tibi, kowa ya zuba ido ga wuƙa ɗaya.

Wannan ƙauna da mutanen Babban Birnin Tarayya ke yi wa gasasshen nama irin na Arewa ta ƙara ƙarfi ne a daidai lokacin da gasar girke-girke ta zama abin yayi a ƙasar nan. A rubuce, gasa ta wuta da gasa ta neman fifiko duk kalma ɗaya ce, a baki ne kawai ake bambanta su. Amma a aikace har yanzu ba su haɗu sosai ba. Ana ta ba masu girki kofuna da lambobin yabo, su kuwa mahauta, waɗanda suka gaji wuta da wuƙa kaka da kakanni, galibinsu suna waje suna kallo. Al'amarin ya wuce maganar kofi, domin ya shafi sunan sana'ar, da ingancinta, da kuma wanda zai ci moriyarta nan gaba.

Sana'ar Gado

Fawa tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma tana da tsarinta. Kowane babban gari yana da Sarkin Fawa, wanda alhakin abin da aka yanka a kasuwa yake wuyansa, shi ne kuma ke sasanta mahauta idan sun sami saɓani. Yaro yakan fara ne da wankin kayan ciki da feƙe tsinke da hura wuta, sai ya yi shekaru kafin a yarda ya riƙe wuƙa a gaban mai saye. Mahauta kuwa ba baƙin gasa ba ne. Su aka sani da dambe, su ne masu hawan ƙaho, kuma kalangu kiɗansu ne. Mutanen da suka saba fita fili a gwada ƙwanji ba za a ce suna tsoron a auna su ba.

Abin da baƙo ke kira da suna ɗaya, a wurin mai sana'a iri-iri ne, kowanne da ƙa'idarsa. Tsire shi ne wanda ake yanka tsoka siriri, a soke ta a tsinke, a birkiɗa ta cikin garin ƙuli-ƙuli da kayan yaji, a yayyafa man gyaɗa, sa'an nan a kafa tsinkayen kewaye da tukuba. Harshen wuta ba ya taɓa naman, zafin da ke bugowa daga gefe shi ke gasa shi sannu a hankali, mai tsire yana juyawa. Balangu kuwa ba ruwansa da tsinke. Manyan yanka ne, sau da yawa na rago ko na akuya, ake ɗorawa bisa waga a kan garwashi, a lulluɓe da takarda mai kauri don naman ya nuna da ruwan jikinsa.

Kilishi shi ne mai wahalar duka. Sai an sami tsoka marar kitse, a yanyana ta falle-falle har ta kusa zama kamar takarda, a shanya a rana bisa gadon kara. Idan ta bushe sai a tsoma ta cikin labu, watau tunkuzar gyaɗa da aka dama da barkono da citta da kanumfari da masoro da albasa, a sake shanyawa, daga bisani a ɗan nuna mata wuta. Akwai ja, akwai fari. Wanda aka yi da kyau yakan yi watanni bai lalace ba, dalilin da ya sa ya zama guzurin fatake da alhazai tun zamanin da ake tafiya a ƙasa.

Yadda Tsire Ya Zama "Suya"

Fataucin shanu da goro shi ya kai wannan sana'a Kudu. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, shanun Arewa suka riƙa sauka Kurmi da yawa, mahauta kuma suka bi su. A 1916 aka kafa unguwar Sabo a Badun, wadda wani masani mai suna Abner Cohen ya rubuta littafi a kanta a 1969, inda ya nuna yadda Hausawa suka riƙe cinikin shanu ta hanyar amana da bashi tsakanin fatake da masu masauki da mahauta. A Ikko kuwa, watau Legas, unguwar Obalende ta yi suna wajen naman dare.

A can ne sunan ya juya. A Hausa, suya aikin mai ne da kasko, amma mutanen Kudu suka ɗauki kalmar suka laƙaba wa tsire, har ta bi duniya. A Kamaru "soya" ake cewa. A Gana ana kiransa "cicinga". A Sudan, inda zuriyar Hausawa masu tafiya Makka a ƙasa suka zauna, sunansa "agashe", wanda duk mai jin Hausa ya san inda ya samo asali. A Dakar ta Senegal ma akwai gashin da ake jingina wa Hausawa. A farkon shekarar 2025 aka ba da sanarwar cewa babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford ya shigar da kalmar "suya" cikin kalmominsa. Abincin ya sami karɓuwa ke nan, amma da sunan aro.

Zuwansa Abuja

A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar kafa sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, a yankin da Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, da sauran ƙabilu suke zaune tun da daɗewa. A ranar 12 ga Disamba, 1991, Gwamnatin Tarayya ta tare a cikinsa a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Tsakanin waɗannan shekaru, leburori da magina da direbobi sun cika sansanonin aiki irin su Nyanya da Karu, yawancinsu ba tare da iyali ba. Inda duk gwauraye suka taru da kuɗi a aljihu, mai shayi da mai tsire ba sa nisa.

Da ma'aikatan Gwamnati suka taso daga Ikko, sun zo da sabon da suka yi da naman Obalende, suka tarar da masu shi na asali sun riga su isowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya. Dabbobi kuma suna shigowa cikin manyan motoci daga kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Mai'aduwa da Illela, da kuma babbar kasuwar Potiskum, a sauke su a kara ta Dei-Dei, a yanka a mayanka irin ta Karu. Sannu a hankali wasu wurare suka yi suna. Unguwar Area 1 da ke Garki ta zama matattarar masu kilishi, inda matafiyi kan biya ya sayi tsaraba kafin ya nufi filin jirgin sama. Kasuwar barikin Mogadishu kuwa ta shahara da gashin kifi.

Zaman Abuja ya sauya sana'ar ta fuskoki da dama. Mai saye a nan ba Bahaushe ne kaɗai ba, saboda haka aka ƙara kabeji da tumatir a kan albasar da aka saba, gashin kaza da ƙundu ya yawaita, wasu kuma suna haɗawa da waina. Daminar Abuja ta fi ta Kano tsawo da laima, don haka mai kilishi yakan sha fama kafin shanyarsa ta bushe, sai hunturu ya kama hankalinsa ke kwanciya. Har wa yau, 'yan boko maza da mata sun shigo cikin harkar. Sun buɗe shaguna masu gilashi, suna karɓar ciniki ta wayar hannu, ɗan babur ya kai wa mutum har gida. Sau da yawa idan aka leƙa bayan irin wannan shago, wanda ke gaban wutar ɗan gado ne da aka ɗauka aiki, sunan da ke jikin allo kuwa na wani ne.

Gasar Da Ake Yi Kullum

Ko da yake babu kofi, masu nama suna cikin gasa kowane dare, alƙalinsu kuwa shi ne mai saye. Al'adar ɗanɗano ita ce shari'ar. Mutum ya tsaya, a yanko masa 'yar tsoka a dangwala a yaji, in ta yi masa ya saya, in ba ta yi ba ya matsa gaba, babu mai jin haushi. A inda masu kilishi suka jeru, kowa yana miƙo nasa, a nan ake gane gwani.

Wanda ya daɗe yana cin nama yakan koyi abin da zai duba. Yakan lura ko na yau ne ko kwantai aka ɗumama. Yakan duba ko ƙulin ya kama jikin naman ko zuba yake yi, ko wuta ta ratsa ciki ko baya kawai ta babbake. Ya san tozo da hanta da ƙoda ba wuta ɗaya suke so ba, ya san kuma bambancin ƙamshin itacen marke ko gawayin ƙirya da na itacen da aka tsinto ko'ina. Yaji kuwa shi ne asirin kowane gida. Kayan haɗin sanannu ne, amma gwargwadon kowanne ba a faɗa wa bare, wani lokaci ko yaron gida sai ya daɗe kafin a nuna masa. Ta haka ne mutane da yawa a Abuja, waɗanda ba su taɓa taka Kano ba, suka zama masana nama, kowa da mai tsirensa da yake rantsuwa da shi, yana kuma shirye ya yi gardama a kansa.

Zamanin Kafa Tarihi

Gasar girki ta zamani ta ɗauki hankalin ƙasar nan sosai a watan Mayu na 2023, sa'ad da Hilda Baci, 'yar asalin Jihar Akwa Ibom, ta shafe kwanaki tana girki a Legas. Masu kundin bajinta na Guinness sun tabbatar mata da awa 93 da minti 11, ta zarce Lata Tondon ta ƙasar Indiya mai awa 87 da minti 45. Kafin shekarar ta ƙare wani mutumin Ireland mai suna Alan Fisher ya karɓe kambun a Japan da awa 119 da minti 57. Matasa da dama a Nijeriya da Gana suka ɗaura ɗamarar yin irin wannan, wasu suka yi ta fama a banza domin ba su kiyaye ƙa'idodin ba. A watan Satumba na 2025 Hilda ta sake kafa wani tarihin da dafa-dukan shinkafa mai nauyin kilo 8,780.

Ba a rasa fagen gwada abincin gargajiya ba. Bikin nuna al'adu na ƙasa da ake kira NAFEST, wanda aka fara a 1970, yana da sashen da jihohi ke karawa a kan girkin gargajiya, kuma hukumar da ke shirya shi a Abuja take. Cibiyar koyar da aikin otal da yawon buɗe ido ta ƙasa, NIHOTOUR, ita ma ta sha shirya bikin abinci a birnin. Sai dai a irin waɗannan tarurruka tuwo da miya da shinkafa su ne a gaba, mai tsire kuwa yawanci a bakin ƙofa yake yana ciniki da 'yan kallo.

Akwai kuma abin lura. Gasar daɗewa a tsaye da ta girman tukunya suna auna juriya da yawa ne, agogo da sikeli su ne alƙalai. Sana'ar gashi kuwa ba ta aunuwa da waɗannan. Abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo shi ne kaurin yanka, da sanin wuta, da daidaiton yaji, waɗanda sai harshe da ido ne ke iya hukunci a kansu.

Abin Da Wasu Suka Yi

A Amurka, inda kowane yanki yake alfahari da irin gashinsa, an daɗe da mayar da abin gasa mai tsari. Mutanen Texas da ƙirjin sa suke tutiya, suna barinsa cikin hayaƙi mai sanyin wuta kusan yini guda. A birnin Memphis an fara babbar gasar gashi a 1978, a Kansas City kuma a 1980, sa'an nan a 1986 aka kafa ƙungiyar da ke tsara dokoki da horar da alƙalai. Yawancin abin da suke gasawa naman alade ne, wanda ba ya cikin abincin Musulmi, amma tsarin nasu abin dubawa ne. Ana kai wa alƙalai nama cikin akwati mai lamba, ba su san mai shi ba, su ba da maki a kan kyan gani da ɗanɗano da laushi. Saboda haka attajiri ba ya cin gasa don sunansa, talaka kuma ba ya faɗuwa don rashinsa. Masu gashi da yawa da ba a san su ba sun yi suna ta wannan hanya, har ana sayar da yajinsu a kantuna.

Misali na kusa yana Jamhuriyar Nijar. A can, garuruwa irin su Madawa sun yi fice a kan kilishi, kuma hukumomi sun yi wa sunan "Kilishin Nijar" rajista, tare da albasar Galmi, a ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta OAPI mai hedkwata a Yawunde. Ma'anar wannan ita ce an rubuta yadda ake yin sa da inda ake yin sa, kuma ba kowa ne zai liƙa wannan suna a kayansa ba. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, amma darasin a fili yake: abin da ba a rubuta ƙa'idarsa ba, kowa na iya yin jabunsa ya sayar da sunan masu shi.

Matsalolin Da Ke Gaba

Babbar damuwar mai nama a yanzu ita ce tsada. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ɗaga kuɗin dakon dabbobi, rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli na shekarar, wadda ba a buɗe ba sai a Maris na 2024, ya rage shigowarsu na wani lokaci, ga kuma satar shanu da ta addabi Arewa maso Yamma. Idan sa ya yi tsada, gyaɗa ta yi tsada, gawayi ya yi tsada, mai ƙaramin jari yakan shiga jarrabawa: ko ya rage yanka, ko ya ƙara gari a cikin ƙuli, ko ya sayi naman da bai san asalinsa ba. Wanda ya riƙe amana shi ke cin ƙaramar riba, kuma babu wata shaida a teburinsa da za ta bambanta shi da maƙwabcinsa.

Sai maganar tsabta da lafiya. A watan Yuli na 2023 an tabbatar da ɓullar cutar dabbobi ta anthrax a wata gona kusa da Suleja, a bakin ƙofar Abuja, abin da ya tuna wa jama'a amfanin duba dabba kafin yanka da bayansa. Naɗe nama mai maiƙo a tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti, da shanya kilishi a inda ƙura da ƙuda ke sauka, duk abubuwa ne da ke hana kayan shiga manyan kantuna, balle ƙetare. Ga kuma rashin matsuguni, domin dokokin birnin ba su yarda da kasa kaya a gefen manyan tituna ba, mai tukuba kuwa ba shi da halin kama shago a Wuse ko Maitama.

Su ma masu sana'ar suna da nasu dalilan ja da baya. Wanda ya yi shekara talatin yana gashi ba zai so a ce yaro ya kayar da shi a bainar jama'a ba, yana kuma tsoron a leƙe asirin yajinsa. Rufe tebur na kwana biyu don halartar biki hasara ce ga mai cin yau da na yau. Duk mai son jawo su fili dole ya yi la'akari da waɗannan.

Inda Mafita Take

Idan za a shirya gasar gashi a Abuja, kamata ya yi a fara da Sarakunan Fawa da ƙungiyoyin mahauta, ba a gama shiri sa'an nan a aika musu da goron gayyata ba. A raba fage uku, na tsire da na balangu da na kilishi, domin ba a haɗa ɗan dambe da ɗan kokawa a fili ɗaya. A ba kowa nama daga dabbar da likita ya duba, a bar shi da wutarsa da yajinsa ba tare da an tambaye shi sirrin haɗi ba. Alƙalai su haɗa da tsofaffin mahauta da jami'an lafiya da masu saye na yau da kullum, kada kuma su san na wane ne suke ci. Tsabtar wuri da ta hannu ta sami makinta. Kyautar kuwa ta zama abin da zai amfani sana'a, kamar rumfa ta dindindin, ko firji, ko wurin shanya mai rufin raga, tare da takardar shaida da mutum zai rataye a teburinsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Su na Argungu sana'ar masunta ce kawai kafin a mayar da shi biki a 1934, ga shi a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattalinsu, kuma har yanzu masuntan ne ke shiga ruwa, ba wasu ba. Abuja tana da masu saye daga kowace jiha, tana da baƙi daga kowace ƙasa, tana kuma da gwanayen wuta da suka zo daga kowane lungu na ƙasar Hausa. Abin da ya rage shi ne hukumomin birnin da shugabannin mahauta su zauna tabarma ɗaya su tsara fagen. Masu iya magana sun ce in ba ka yi, ba ni wuri. Idan masu gado ba su fito sun kafa ma'aunin sana'arsu ba, wasu za su kafa musu, su kuma ci gaba da hura wuta a bayan shagon da ke ɗauke da sunan wani.